Jinyar Baba a gida ɗaya ko karɓa-karɓa tsakanin 'ya'ya?

Wata 'yar'uwa daga wani ƙauye a wajen Ringim ta yi tambaya. Mahaifinsu ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo shi daga asibiti, kuma 'ya'yansa maza uku kowa da gidansa. Wasu sun ce ya zauna gidan babban wa, wasu sun ce a riƙa karɓarsa wata-wata don kowa ya samu lada. Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Mu dai gida ɗaya muka fi zaɓa, amma da sharaɗi.

A fata bambancin ya fi fitowa. Wanda ba ya iya juya kansa sai an juya shi duk awa 2, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya fito masa. Kullum wajen wanka a duba ƙugu, ƙasan gadon baya, kafaɗa da diddige. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Alamar farko ita ce wurin ya ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. A gida ɗaya, wanda ya ga wurin jiya shi zai gane ya canja yau. A karɓa-karɓa kuwa sabon gidan bai san yadda fatar take a makon jiya ba, sai gyambo ya fashe, a koma zargin juna. Gyambon kwanciya yana iya fitowa cikin 'yan kwanaki, warkewarsa kuma ta ɗauki watanni.

Haka magani. Na hawan jini ba a tsayar da shi don an ga sauƙi. In ana yawo da mara lafiya, sai katin asibiti ya kwana a wancan gida, ko wani ya ƙara masa jiƙo ba da sanin kowa ba. Abinci ma sai an koya: a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. In yana ƙwarewa da ruwa, kunu mai kauri ya fi masa sauƙin haɗiya, amma a gaya wa likita, don abin da ya bi ta huhu yana jawo ciwon ƙirji mai tsanani. Koya wa gida ɗaya wannan ya fi koya wa uku sauƙi.

Ɗaki yana son gyara: a daidaita dokin ƙofa, faɗinta ya kai kamar santimita 80 don keken guragu, a ajiye kujera mai fo kusa da shimfiɗa, a rataya gidan sauro. Leda a ƙarƙashin zanin gado take, ba a jikin fata ba. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, kada kuma a kusantar da shi ɓarin da ya shanye, don zai ƙone bai ji ba. A gida ɗaya sau ɗaya za a kashe kuɗin nan. A karɓa-karɓa kuwa ga wahalar ɗauko shi a mashin da damina, kuma wajen ɗagawa ne ake jan hannun da ya shanye har kafaɗa ta goce.

Inda karɓa-karɓa ta yi gaba shi ne hutu. Mutum ɗaya ba zai jure tashin dare watanni ba, ga gona, ga yara. In ya gaji juyin dare ne ke fara raguwa, sai tsawa ta biyo baya, kuma a gida ɗaya ba mai gani. Wannan ba rashin imani ba ne, gajiya ce.

Saboda haka sharaɗin shi ne masu jinya su yi karɓa-karɓar, Baba ya zauna wuri ɗaya. A raba kwana tsakanin 'ya'ya maza, su ne kuma za su yi masa wanka da tsarki, kada a bar wa surukai abin da zai sa shi jin nauyi. A ajiye littafi guda na magani, awon jini da kuɗin da kowa ya kawo. Duk mako wani daga wajen gidan ya zo ya ɗaga zani ya duba bayansa da idonsa. A je sashen gashin ƙashi, kamar na asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na asibitin Malam Aminu Kano a Kano, mutum biyu su koyo motsa gaɓoɓi da yadda ake ɗaga shi.

In ba makawa sai an yi ta sauya gida, a tsawaita zaman ya kai kamar wata 3, littafi da katifa su bi shi, mai miƙawa da mai karɓa su duba fatarsa tare. Kafin a yanke komai, a tambayi Baba inda yake so, ko da kai kawai yake iya ɗagawa.