Masu gyaran tsofaffin littattafai daga jami'a: ku kai naku a duba

Jama'ar Bauchi duk wanda yake da littattafan kakanni a gida, na Larabci ko na ajami, suna kwance cikin gafaka ana jin tsoron taɓawa, ina ba shi shawara ya kai wa masu binciken nan na jami'a da suke duba su kyauta. Mu mun kai na kakanmu kuma gaskiya aikinsu ya burge ni.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shine ba sa karɓe maka littafi, a gabanka ake komai kuma da shi za ka koma gida, wannan ba ƙaramin abu bane don dattawanmu da yawa tsoron a karɓe musu ne ya hana su fito da nasu. Baffana da ƙyar ya yarda wallahi, amma da wata malama a cikinsu ta ce masa "Baba zauna nan kusa ka gani da idonka" sai ga shi shine mai yawan tambaya.

Sun ɗora warƙa ɗaya kan wani faifai mai haske sai ga hoton jinjirin wata guda 3 a cikin jikin takardar, suka ce tambarin masana'antar takarda ne na arewacin Italiya wajen birnin Banis, irinta aka riƙa shigowa da ita ƙasar Hausa ta Tarabulus a ƙarni na 19 ayarin raƙuma na ratso Sahara da ita. Kuma ba su cika baki ba, sun faɗa mana tambarin yana nuna zamanin da aka yi takardar ne kawai, ba ranar da malam ya zauna ya rubuta ba, don takarda tana iya jimawa a ajiye. Ni dai hankalina ya tafi zamanin Malam Yakubu na Bauchi, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da irin karatun da aka yi a garin nan bayan jihadin 1804.

Tawada ma sun bambance mana, ta gawayi da ƙaro ba ta cin takarda, amma mai sinadarin ƙarfe a ciki ita ce take huda warƙa a hankali. Warƙoƙin da suka hargitse kuma da kalmar nan da marubuci yake sawa a ƙasan shafi suka jera su, ita ce farkon shafi na gaba. Sun hana mu salatef da gam da laminatin kwata-kwata, suka ce a nisanta littafin da bangon da yake jiƙa da damina saboda gara da fumfuna.

Inda nake da ƙorafi, takardar bayanin da suka ba mu da Turanci ce zalla, to baffana ya zai karanta? Mutumin da ya haddace Ishiriniya yana karanta ajami kamar ruwa ai ya cancanci a rubuta masa da Hausa. Hotunan shafukan ma sun ɗauki lokaci kafin su turo ta WhatsApp sai da na yi ta bibiya, ga layi, don ma'aikatan ba su da yawa.

Idan za ku je ku tafi da wuri, a bar littafin cikin gafakarsa kar a sa a leda, kuma a tafi da dattijon da ya san tarihinsa don za su tambayi wa ya rubuta da wajen wa ya yi karatu.