Daga kantar banki zuwa daji: ƙofar da na zaɓa da wadda ta cinye min kuɗi

Tun da na ajiye aikin kanta a banki na koma aikin kare namun daji, da wuya wata ya fita wani bai turo min saƙo ba: "Yallaɓai, ni ma irin aikinku nake so, ta ina ake shiga?" Yawancin masu tambayar sun je Yankari ne lokacin hutu, sun yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, sun hangi garken gwanki daga cikin mota, sai zuciya ta raya musu cewa ai nan ya kamata a ce suna aiki. Ni ma haka ta faru da ni, don haka ba zan yi wa kowa dariya ba. Sai dai canza sana'a ciniki ne irin na sayen fili. Za ka zuba kuɗi, ka zuba shekaru, ga shi dillalan ƙarya sun fi na gaskiya kai-komo a kasuwar.

Da farko ka san abin da kake shirin saye. Yankari kaɗai ya kai murabba'in kilomita 2,244, gandun dajin Gashaka-Gumti kuwa ya haura 6,000, kuma da ƙafa ake sintiri a cikinsu, kwana da kwanaki, da buhu a baya da ƙudan tsando a wuya. Kallon dabba shi ne ƙaramin kason aikin. Babban kason shi ne cire tarkon waya, bin sawun mafarauta, lallashin makiyayin da ya kutsa da shanunsa, da zama a gaban manomin da giwaye suka tattake masa dawa a dare ɗaya, yana tambayarka wa zai biya shi. Masu gadin daji sun rasa rayukansu a bakin wannan aiki, wasu dazuzzukan kuma irin su Kamuku da ke Birnin Gwari rashin tsaro ya durƙusar da su. Masu ɗaukar aikin ma ba su da yawa: Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, ma'aikatun jihohi, sai ƙungiyoyin kare namun daji masu zaman kansu irin su WCS da ta ƙulla yarjejeniya da jihar Bauchi kan Yankari a 2014, da ANI da ke Gashaka tun 2017, da NCF. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sabbin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano da dausayin Haɗejiya a Jigawa, amma amincewa a takarda daban, gurbin aiki daban.

In har ka ji wannan ba ka karaya ba, to ga zaɓina ba ɓoye-ɓoye: Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke New Bussa a jihar Neja. An kafa ta a 1978, tana ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, kuma tana maƙwabtaka da gandun dajin Tafkin Kainji. Garin kansa an gina shi ne don mutanen tsohuwar Bussa da ruwan madatsar Kainji ya cinye a 1968. Ana yin ƙaramar difloma shekara 2, a fita shekara 1 ta sanin makamar aiki, a dawo babbar difloma shekara 2. Ta JAMB ake shiga, kuma sai da sakamakon sakandare na kimiyya. Ni da na yi ajin kasuwanci sai da na sake zama jarrabawa da gemuna a cikin yaran da suka kusa zama sa'o'in 'ya'yan yayata. Kunya ce ta mako biyu, ta wuce.

Abin da ya sa nake fifita ta ga mai canza sana'a shi ne tana da wurin sauka a tsakiyar hanya. Mai iyali ba zai iya rufe ido ya ce zai yi shekara 5 babu albashi ba. A nan bayan shekara 2 kana da takarda a hannu wadda ma'aikatu suka sani, in hali ya yi ka ci gaba, in bai yi ba ka nemi aiki da ita. Na biyu, makaranta ce da aka gina don wannan fanni, ba wani sashe ba ne da aka maƙala a ƙarshen tsangaya. Tsofaffin ɗalibanta sun bazu a gandun daji da gidajen zu na ƙasar nan, ta yadda in ka ambaci sunanta a gaban masu tantancewa ba sai ka yi dogon bayani ba. Na uku, wanda ya fi komai a wurina, ita ce shekarar nan ta fita aiki. A cikinta ne za ka gane ko jikinka zai ɗauka, a cikinta ne kuma waɗanda za su iya ɗaukarka gobe suke ganin tafiyarka da haƙurinka.

A tawa shekarar aka haɗa ni da wani dattijon mai gadin daji wanda ko firamare bai gama ba. Wata safiya muna tafe ya tsaya a kan kashin giwa, ya fasa shi da sanda, ya ɗora bayan hannunsa a ciki. "Ɗana, zo ka taɓa." Na ɗan yi turus, ya kalle ni, dole na durƙusa. Da ɗumi. "Ba su yi nisa ba. Uwa ce da ɗanta, mu sauya hanya." Na ce, "Baba, ya aka yi ka san da ɗa?" Bai amsa ba, sai ya nuna min ƙaramin sawu kamar faranti a cikin babban sawun, sannan ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ke kaɗawa. Ni ke riƙe da na'urar GPS da wayar da muke shigar da bayanan sintiri, shi kuma yake riƙe da ilimin. Ranar na gane cewa kowannenmu na buƙatar ɗan'uwansa, kuma da ba makarantar ce ta turo ni ba, da babu abin da zai haɗa ni da shi.

Digirin jami'a a fannin gandun daji da namun daji, irin wanda ake yi a Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, takarda ce mai daraja ga ɗan shekara 18. Kai da ka haura 30, shekara 5 ce in babu yajin aiki, ka yi lissafi da kanka. Ka kuma tuna aikin kaki na gwamnati galibi yana da iyakar shekaru, saboda haka duk shekarar da ka ƙara a aji tana iya rufe maka wata ƙofa.

Wadda zan ɗaga wa hula ita ce cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, inda ake yin digiri na biyu a kimiyyar kare halittu tare da Jami'ar Jos. In kana da digirin farko mai kyau a kimiyya, kuma lissafi da rubutu ba sa ba ka tsoro, manta da duk abin da na faɗa a sama ka nemi can. Ɗalibai ƙalilan take ɗauka a shekara, kuma manazarta take yayewa, ba 'yan sintiri ba.

Makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru tana nan tun 1970, amma da Faransanci ake koyarwa, kuma yawancin ɗalibanta ma'aikata ne da ƙasashensu suka turo. 'Yan'uwanmu na Nijar ta fi yi wa daidai. Kwalejin Mweka ta Tanzaniya, a gindin dutsen Kilimanjaro, da dala ake biya, magana ta ƙare. Shiga ta hanyar gadin daji kai tsaye ba tare da makaranta ba kuwa, ƙungiyoyi sun fi ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan da ke gefen dajin, kuma daidai suka yi, don su suka san kowane kwazazzabo. Kai ɗan birni ba ka cikin layin.

Saura kwas na intanet, kuma a nan ne zan daɗe, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Shekara guda kafin in san hanyar New Bussa, aka jefa ni cikin wani zauren WhatsApp na wata "cibiyar ƙasa da ƙasa" mai ba da takardar shaidar kare namun daji a mako 6, da alkawarin tura waɗanda suka gama aiki a Kenya. Shafinsu cike da hotunan zakuna da Turawa sanye da gajeren wando. Na tura naira 85,000. Darasin bidiyoyi ne da daga baya na gano kyauta suke a YouTube. Ana cikin haka aka ce kuɗin kaki da takalmi naira 40,000, kuma gurbi ya kusa cika. Na tura. Asusun na wani mutum ne, ba na cibiya ba, kuma ni ma'aikacin banki ne, kullum ina gargaɗin mutane kan irin wannan, amma kwaɗayi ya rufe min ido. Aka turo takarda mai zanen kan zaki da hatimin zinare, na kai aka buga min a kati mai kauri. Mako biyu bayan haka zauren ya ɓace, lambar ta daina shiga.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ranar da na kai takardar nan wurin wata tantancewa. Jami'in ya juya ta gaba da baya, ya ajiye a hankali, ya ce, "Malam, kilomita nawa ka taɓa yi da ƙafa a daji?" Na ce ban taɓa ba. Ya miƙo min ita da hannu biyu, cikin mutunci, wanda da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ba ina cewa duk karatun intanet ƙarya ba ne. Akwai na gaskiya, da yawansu kyauta, masu koyar da zanen taswira a kwamfuta da sarrafa bayanan kyamarorin da ake ɗaurewa a bishiya. Ka yi su a matsayin ƙari. Amma da zarar an haɗa kwas da alkawarin aiki, ɗauki takalminka.

'Yan damfarar kala-kala ne. Akwai mai sayar da gurbin aiki a hukumar gandun daji, da wasiƙar ɗaukar aiki mai tambarin ƙasa da sa hannun shugaban da bai san ana yi ba. Zai ce "oga ne ya ba ni gurbi biyu", ya nemi kafin alƙalami, sauran in ka fara karɓar albashi. Ɗaukar aikin gwamnati ba a saye, ana shelanta shi a jarida da shafin hukumar. Akwai masu tallar aikin sa-kai a Afirka ta Kudu inda za ka biya kuɗi ka riƙa ba 'ya'yan zaki madara a kwalba. Da yawan irin waɗannan wurare gonakin kiwon zaki ne, kuma zakin da ya saba da hannun mutum ba ya komawa daji, sau da yawa a gaban bindigar mai farautar nishaɗi yake ƙarewa. Akwai makarantun da suka ari sunan kwalejin gaskiya suka canza kalma ɗaya. Akwai kuma wanda zai zo maka bayan ka shiga, da fara'a da kyauta, yana tambayar ko ana samun hauren giwa ko kan ungulu a wajenku. Wannan ba kuɗinka yake so ba, gidan yari yake nema maka.

Tun daga lokacin, ga yadda nake auna kowace makaranta, har wadda nake so ɗin. Difloma ce? A duba ko kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba, yana cikin jerin da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta amince da su. Digiri ne? A duba na hukumar kula da jami'o'i, NUC. Makarantar tarayya kuwa, ta shafin biyan kuɗi na Remita ake biyanta, a ba ka rasit mai lamba, ba a asusun wani Malam wane ba. Duk wanda ya ce "yau ne rana ta ƙarshe" ka ce masa Allah ya kai mu baɗi. Sannan gani ya kori ji: ka je da ƙafarka. New Bussa ana shigarta ta Mokwa, ka yi tafiyar rana, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ka hau, don yankin Borgu ma ya sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. In ka isa ka wuce ofishin rajista, daga nan ka nemi ɗalibin shekara ta biyu ka saya masa shayi, ka tambaye shi sau nawa suka fita daji a zangon da ya wuce.

Kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai sunanka ya fito a shafin JAMB kuma ka tara abin da zai riƙe gida aƙalla shekara guda. Albashina na farko a daji bai kai rabin na banki ba. Kafin nan ka shiga gwanjo ka sayi takalmin sojoji wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya, ka sa safa biyu, ka riƙa yin kilomita 10 duk Asabar da jarkar ruwa a baya, har tsawon wata biyu.