Birnin Kudu ko Riruwai: ina ya fi dacewa da kwanan kan dutse?

Wani ɗan'uwa ya ce shi da abokinsa suna so su kwana ɗaya a kan dutse, su kalli faɗuwar rana da fitowarta, amma sun rasa inda za su nufa: duwatsun Birnin Kudu a Jigawa, ko tsaunukan Riruwai a kudancin Kano. To ɗan'uwa, in wannan ne karonku na farko, Birnin Kudu. Ga dalilina.

In dai tsayi da kyan gani ake magana, babu haɗi. Riruwai, da ke ƙaramar hukumar Doguwa, tsaunuka ne jere, da kwazazzabai da itatuwa masu duhu, ga ruwan Zainabi da ke gangarowa daga dutse. Iskar can ma daban take, ta fi kama da ta ƙasar Jos. Duwatsun Birnin Kudu kuwa curi-curi ne, manyan fale-fale da duwatsun da ke ɗore a kan juna, hawansu ba ya cin mutum. Ka tashi da la'asar, kafin magariba ka shimfiɗa tabarma, kana jiyo kiran salla daga gari.

Jin kiran sallar nan shi ne abin da nake so ku riƙe. Kwanan daji na mutum biyu, babban abin tambaya shi ne, in wani abu ya faru da tsakar dare, wa zai jiyo ku? Hanyar Riruwai daga Kano ta Kwanar Dangora da Tudun Wada take bi, ta ratsa dajin Falgore, kuma kowa ya san sunan da dajin ya yi na ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Sannan ƙasar kuza ce, an daɗe ana haƙa, akwai tsoffin ramuka da ciyawa ta rufe bakinsu. Baƙo da tocila a hannu ba ya gane su sai ƙafarsa ta faɗa. Shi ya sa nake cewa Riruwai wurin zuwa ne da rana, da ɗan gari a gaba, a sauko a kwana cikin mutane. Birnin Kudu kuma ta Wudil ake bi, kwalta har gari, asibiti kusa.

A Birnin Kudu kuma akwai abin kallo na musamman. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen mutanen da a jikin dutse, yawancinsa shanu, har da marasa tozo, irin da ba ma gani a garken Fulaninmu yanzu. Akwai kuma duwatsun da in ka buga da ɗan dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Wuraren zanen kayan tarihi ne na ƙasa, don haka ba a nan za ku kwana ba, kuma kada ku kuskura ku hura wuta a ƙarƙashinsu, hayaƙi yana cinye zanen. Ku kalla da rana, ku nemi wani falalen daban.

Ko ina kuka zaɓa, ku fara da gidan mai unguwa ko dagaci. Ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su waye, ya sanar da 'yan sintiri. Wutar da ba a san mai ita ba a kan dutse da daddare, ba fassarar alheri ake yi mata ba.

Lokaci kuwa, damina ku bar ta gaba ɗaya: dutse na santsi, tsawa kuma tudu take nema. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu ya fi, sai dai hazo zai rage muku nisan gani. Kada ɗumin dutse da magariba ya yaudare ku. Zafin ranar da ya sha ne yake fitarwa, zuwa ƙarfe ukun dare ya huce, sanyin ya riƙa shigowa ta ƙasan tabarma har ƙashi. Bargo biyu kowa, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. A Riruwai ma biyun ba lalle su isa ba. Masu tanti su sani ƙusa ba ta shiga falale, da duwatsu ake danne igiyoyin.

Ku shimfiɗa a fili, nesa da tsaga da gindin manyan duwatsu, nan kunama da kububuwa suke fakewa. Takalmi a kakkaɓe kafin a saka. Ruwa jarka guda ta sha da alwala, don babu rijiya a sama, sai buta, ashana, kayan shayi, ƙuli-ƙuli da dabino. Ragowar abinci a ɗaure a leda saboda kiyashi. Waya kuma a cike da caji, da lambar wani ɗan gari mai babur a ciki.