Na Kai Kawuna Sauraron Jaz a Kaduna, Muka Dawo Ba Mu Ji Kiɗan Ba

A ɗakin kawuna na fara jin kiɗan jaz tun ina ɗan firamare. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a nan Kaduna har ya yi ritaya, kuma har yau yana da akwatin ƙarfe cike da faya-fayen garmaho da kaset-kaset waɗanda ba ya yarda kowa ya taɓa sai yana wurin. Shi ne ya ba ni labarin yadda suke laluben shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka da dare a kan gajeren zango, shi ne ya nuna mini hoton Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon jaz ɗan Amurka, zaune da Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka ɗauka a garin nan a 1960, kuma daga bakinsa na ji yadda Bala Miller da ƙungiyarsa suke cika kulob ɗin Costain da bushe-bushe a zamaninsu. Saboda haka da na ga tallar wani wurin shaƙatawa da ke tsallaken gada, wanda ya ce yana gabatar da jaz kai tsaye kowace Asabar, ban yi tunanin kowa ba sai shi. Ya haura shekara saba'in da biyar, ba ya fita da dare, amma ya amince saboda ni, har ya sa aka goge masa babbar riga.

Tallar ta ce za a fara da ƙarfe 7:30. Na biya naira 10,000 kuɗin shigar kowane ɗayanmu, na ƙara naira 5,000 domin a ajiye mana teburi kusa da dandamali, na kuma bayyana musu a rubuce cewa zan zo da dattijo wanda jinsa ya ɗan ragu. Sun aiko mini da shaidar biya ta WhatsApp. Mun isa da ƙarfe 7:15, amma saurayin da ke bakin ƙofa ya yi ta juya shafukan wani littafi bai ga sunana ba, kuma da aka gano shi sai aka tarar an riga an zaunar da wasu a teburinmu, an jera musu kwalabe. Ba a tashe su ba, ba a kuma ba mu wani teburin a layin gaba ba. An kai mu can ƙurya, tsakanin ƙofar kicin da bangon da janareta yake bayansa, aka ce mu ɗan zauna kafin a gyara. Har muka bar wurin ba a gyara ba.

Makaɗa ba su fara ba sai ƙarfe 9:40. Sama da awa biyu muna zaune ana sakar mana waƙoƙin rawa daga kwamfuta, da ƙarar da sai mutum ya kai bakinsa kunnen na kusa da shi kafin ya ji maganarsa. Na yi haƙuri da wannan, domin kowa ya san yadda lokacin taro yake a wurinmu, sai dai abin da ya tayar mini da hankali shi ne ganin an fara gwajin sauti a gabanmu wajen ƙarfe tara, aikin da ya kamata a gama tun da rana kafin baƙo ɗaya ya shigo.

Matsalar sauti ita ce ta kashe daren, kuma ina so wanda bai saba da jaz ba ya gane dalilin da ya sa na ɗauke ta da zafi haka. Jaz hira ce tsakanin makaɗa. Suna fara kaɗa jigon waƙar tare, sannan kowa ya karɓi fili shi kaɗai ya ƙirƙiri nasa nan take a kan wannan jigon, sauran suna biye da shi a hankali, kafin a dawo a rufe tare. Wani lokaci mai ƙaho ya yi jimla, mai ganga ya mayar masa da amsa, kamar yadda mai kalangu yake amsa wa mawaƙi. Duk wanda ya san yadda marigayi Mamman Shata yake tsara baiti a tsaye, makaɗansa suna kama shi ba tare da an gaya musu inda zai nufa ba, ya san irin sauraron da wannan kiɗa yake bukata. Jitar bes ce ke riƙe da tafiyar gaba ɗaya, ita ce ke gaya wa kunne inda aka kwana, kuma idan ba a jin ta to mai busa yana magana ne a kan abin da mai sauraro bai ji ba.

A wannan zauren ba a jin bes ko kaɗan. Gurnanin janareta yana ratsa bango da irin kaurin sautin da bes ke fitarwa, ya haɗiye shi ɗungurungum. Ƙasan zauren tayil ne, bangon siminti ne tsirara, babu labule mai kauri ko darduma da za su shanye amo, shi ya sa duk dukan da mai ganga ya yi sai ya bugi bango ya dawo ya haɗu da na gaba. An ɗora manyan lasifika biyu dab da makirfo ɗin mai saksofon, wato wani irin ƙahon busa na Turawa, kuma da zarar ya ɗaga murya sai su saki wannan ƙara mai tsinin da ke sa mutum toshe kunne. Na ƙirga sau shida a waƙoƙi uku na farko. Makaɗan kansu ba su da ƙaramar lasifikar da ake ajiyewa a gabansu domin su ji junansu, har na ga mai fiyano yana miƙa wuya yana kallon hannun mai ganga domin ya san inda ake. Yaron da aka ɗora a kan na'urar daidaita sauti kuwa yana can yana hidimar kawo kankara ga wani teburi.

Ko da an gyara sauti, tsarin gidan kansa bai ba kiɗan daraja ba. Akwai babban talabijin a saman kantar sha, an bar shi a kunne ana nuna ƙwallon Turai, saboda haka a tsakiyar wata waƙa mai sanyi sai rabin zauren ya ɓarke da ihu an ci ƙwallo. Sanƙiran da aka ɗauko yana katse mai busa yana tsakiyar nasa filin domin ya yi wa wani mai kuɗi da ya shigo kirari, shi kuma ya hau dandamali da mutanensa suna liƙi a goshin mai saksofon, mutumin da yake bukatar hannayensa biyu da numfashinsa da natsuwarsa. Ni ba na ƙin liƙi, na yi shi a bikin ƙannena kuma zan sake yi, amma kowane kiɗa da ladabinsa, kuma a jaz tafi ake yi bayan mutum ya gama nasa. Ga hayaƙin shisha da ya taru a ƙarƙashin silin, a ɗakin da mutum biyu suke aiki da huhunsu. Kawu ya yi ta tari har na fita da shi waje sau ɗaya ya sha iska.

Ban ɗora wa makaɗan laifi ko ƙwaya ɗaya ba, kuma ina da hujja. Wajen ƙarfe goma da kwata aka dawo da wuta, aka kashe janareta, sai aka ɗauki kamar minti huɗu ana fama da sauya layi. Fiyano da bes suka mutu domin na lantarki ne, talabijin ya mutu, lasifika suka yi shiru. Mai saksofon bai tsaya ba. Ya ci gaba da busa a cikin duhu, mai ganga ya ajiye sanduna ya ɗauki buroshin waya yana shafa fatar gangar a hankali, mai ƙaho ya shigo yana amsa masa daga gefe. A wannan ɗan lokacin ne kawai na ji asalin muryar kayan kiɗan, na ji yadda yaron nan mai saksofon yake jan sauti ya sassauta shi kafin ya sake shi, na gane cewa ya sha wahalar koyo. Kawu ya kama hannuna ya ce, "Ka ji ko? Yaran nan sun iya." Yana rufe baki wuta ta kawo, komai ya koma yadda yake.

Zangon farko bai kai minti hamsin ba, na biyun da aka yi alkawari kuma ba a yi shi ba, domin an mayar da fili ga mai sakin waƙoƙin rawa. Gasasshen kifin da muka nema ya iso bayan awa ɗaya da kwata, ya huce, kuma a takardar kuɗi an ƙara wani cajin hidima da ba a rubuta a jerin abinci ba. Domin a yi adalci, masu gadi suna binciken kowa a ƙofa cikin mutunci, wurin ajiye mota yana da haske, kuma yarinyar da ta yi mana hidima ta durƙusa ta ba Kawu haƙuri har sau biyu a kan abin da ba laifinta ba ne.

Kafin mu tafi na nemi manaja. Na ce masa, "Yallaɓai, na biya kuɗin teburin gaba ban samu ba, kuma abin da kuka tallata ba shi muka ji ba." Ya saurare ni, ya gaishe da Kawu, sannan ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, yawancin masu zuwa ba don jaz suke zuwa ba, dole mu faranta wa kowa." Wannan amsar ta fi duk abin da ya faru ɓata mini rai, domin ta nuna cewa ya san abin da yake sayarwa ya bambanta da abin da ya rubuta a talla. Yana da 'yancin buɗe wurin kallon ƙwallo da rawa, kuma zai samu ciniki, amma bai kamata ya karɓi kuɗin mutum da sunan sauraro alhali bai tanadi ko ɗaya daga cikin abin da sauraro yake bukata ba. Gyaran ma ba gagarumi ba ne: a nisanta janareta daga bangon dandamali, a rataya labule masu kauri, a kashe talabijin na awa ɗaya, a ɗauki wanda ya san aikin sauti, a hana kowa hawa dandamali ana tsakiyar waƙa.

A bakin ƙofa muka haɗu da mai saksofon yana saka kayansa a jaka. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, na ji ka lokacin da aka ɗauke wuta." Yaron ya rusuna ya ce, "Na gode Baba," sannan ya gaya mana cewa sun zo tun la'asar domin gwaji, suka tarar an ba da hayar zauren ga masu shagalin zagayowar ranar haihuwa, ba a bar su sun shiga ba sai bayan magariba.

Manaja ya karɓi lambata ya ce zai mayar mini da naira 5,000 na teburi. Yau mako biyu ke nan, na tura saƙon tuni sau biyu, ba amsa. Ba zan koma wurin ba, kuma ba zan ba wanda ke son sauraron jaz shawarar zuwa ba muddin tsarinsu yana nan yadda na gan shi. Na dai karɓi lambar mai saksofon, domin Kawu ya ce in sanar da shi duk ranar da yaran za su yi wasa a wani wuri daban.