Ranar da na fara riƙon ƙwaryar aji a Amurka

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun tashi lafiya, ya iyali ya ɗalibai, ya kuma zafi dan na ji an ce ya fara kankama. Mu nan Minesota har yanzu dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a bakin titi ba. Ka daɗe kana min ƙorafi wai tunda na ce na koma aji ban ba ka labari ba, to yau ba ni da aiki, bari in zauna in zayyana maka, dan wallahi duk abin da na gani a ranar farkon nan kai nake tunawa.

Aikin da nake yi sab suke ce mai, wato malamin riƙon ƙwarya. In malami ba shi da lafiya ko ɗansa ba lafiya ko an tura shi bita, ba a barin ajin haka nan, sai an nemo babban mutum mai lasisi ya tsaya. Ka san mu can in malami bai zo ba monita ne zai miƙe da takarda yana rubuta sunan masu surutu, ko in an yi sa'a a turo ɗan bautar ƙasa ko ɗan TP mai koyon aikin koyarwa, in ba a samu ba shi kenan darasin ya bi ruwa. Nan ko minti biyar ba a yarda yara su zauna ba babba ba. Kafin su ba ni lasisin sai da na tura takardun digirina WES, masu duba takardun karatun ƙasashen waje, suka tantance, aka ɗau hoton yatsuna aka binciki ko na taɓa aikata laifi, sannan hukumar lasisin malamai ta jiha ta amince. Shekara takwas ɗin da na yi ina riƙe alli a gida babu wanda ya tambaye ni labarinta, takarda kawai suke dubawa.

Aikin ma a waya yake zuwa. Akwai manhaja, da asuba wajen biyar da rabi za ka ji ta yi ƙara, makaranta kaza tana neman mai riƙe ajin kemistiri yau, in ka tsaya jinkiri wani ya ɗauke. Ranar ina idar da sallah na gani na danna. Aji goma ne, daidai da SS1 ɗinmu, dan babbar sakandarensu shekara huɗu ce, daga aji tara zuwa sha biyu. Watan Janairu ne, sanyin da in ka fito gashin hancinka daskarewa yake, amma ina isa na tarar da motocin bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa sun yi layi suna sauke yara, kyauta, ba wanda ya ba kwandasta ko sisi. Na tuna yaranka da ke takowa daga bayan gari da silifas, wani sai an gama darasi na ɗaya yake isowa kuma a tare shi a get da bulala.

Ƙofar makarantar a kulle take, sai ka danna ƙararrawa an gan ka ta kyamara sannan a buɗe. Matar ofis ta karɓi katina ta ba ni baji da makullin aji da wani fayil. Yaya wannan fayil ɗin shi ne abin da ya fi tsaya min a rai a duk kayan da na gani a makarantar, har ya fi min kwamfutocin. Malamar da ba ta zo ba ta rubuta komai, darasi na ɗaya su yi kaza shafi kaza, na uku akwai yara biyu da kar a bari su zauna waje ɗaya, wance tana da takardar izinin zuwa wajen nas duk sanda ta buƙata kar a tambaye ta dalili, wane gyaɗa tana tayar mai da ciwo, ga lambar da za ka kira in abu ya fi ƙarfinka. Ga kuma taswirar ajin, kowace kujera da sunan mai ita da hotonsa. Mace tana kwance ba lafiya amma ajinta na tafiya kamar tana nan.

Ajin kansa kuwa ba a magana. Ɗumi kamar ba hunturu ake ba, wuta ba ta ko ƙifta ido, allo fari da majigi, famfo da wajen gas a kowane teburin gwaji, tabarau na kare ido cike da akwati. Kowane yaro makaranta ta ba shi ƙaramar kwamfuta da suke kira Chromebook, aikin ma a manhajar Google Classroom malamar ta saka. Ni da na koyar da titireshan, gwajin nan na auna sinadarai a kemistiri, shekara da shekaru da zane a allo, sai dab da WAEC muke fito da 'yan kwalaben da muke ɓoyo kamar gwal, na tsaya ina kallon kabad cike da kayan da ba wanda ya damu da su, sai da zuciyata ta yi nauyi. Kuma a nan malami ne mai ɗaki, yara ne ke yawo, ana buga ƙararrawa za su fito duuu a cika baranda, cikin 'yan mintuna wasu sun fita wasu sun shigo. Mafi yawan da na samu a aji ɗaya 31 ne. Na ce a raina ni da na riƙe yara tamanin da ɗoriya, wasu a tagogi wasu a ƙasa, talatin ai hutu ne.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Suka shigo ba wanda ya gaishe ni, ba wanda ya ko kalle ni sosai. Ka san yadda muka saba, kana sa ƙafa monita zai buga tebur aji ya miƙe gaba ɗaya. Nan wani ya ja hular rigarsa ya rufe kai ya kifa a tebur, wata tana cin cincin ɗinta, da yawa abin jin kiɗa a kunne. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce yau sab ne, sai ajin ya ɗau sowa. Na fara kiran suna, harshena bai saba da sunayen ba, duk wanda na karya sai dariya. Na yi magana sau ɗaya sau biyu ba a ji ba, sai na yi abin da na iya, na daka tsawa irin wadda in na yi ta a gida har ajin kusa sai ya nutsu. Shiru ya biyo baya na kamar daƙiƙa biyar, sai wata yarinya a gaba ta ce min cikin sanyin murya, malam ba sai kai mana ihu ba. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, ita dai a ganinta ni ne na yi ba daidai ba. Daga nan ajin ya kuɓuce min, na ƙarasa darasin ina bin tebur tebur.

A darasi na uku abin ya fi muni. Wani dogon yaro ya fito da waya yana kallon ƙwallon kwando, alhali makarantar ta hana waya a aji, dan jihar ma ta wajabta wa kowace gundumar makarantu ta rubuta dokarta kan waya zuwa watan Maris na 2025. Na ce ya ajiye ya yi kamar bai ji ba, na miƙa hannu zan karɓa, sai ya miƙe tsaye ya ce kar in taɓa mai kaya. Ajin ya yi tsit kowa na jiran ya ga ƙarshen wasan. Wallahi Yaya hannuna har rawa yake, dan jikina ya san abin da ya saba yi a irin wannan wajen. Allah ya taimake ni na ja da baya. A jihar nan dukan ɗalibi a makarantar gwamnati haramun ne a doka, duk da akwai jihohin kudu irin su Misisifi da har yau ba su hana ba. Da na taɓa yaron nan da lasisin ya tafi, ƙila har da abin da ya fi lasisi.

Lokacin tara wani dattijon malami da ke ɗakin kusa, wanda ya jiyo tsawata ta safe, ya leƙo da kofin kofi a hannu ya zauna. Bai wulaƙanta ni ba ko kaɗan. Ya ce yaro ɗan shekara sha biyar in ka ƙure shi a gaban abokansa to ya gwammace a kore shi da ya sunkuyar da kai, dan haka kar ka yi shari'a da shi a bainar jama'a. Ka je kusa da teburinsa, ka rage murya yadda shi kaɗai zai ji, ka ce wayar ta shiga jaka ko in rubuta wa malamarku, zaɓi naka ne, sannan ka juya ka tafi kar ka tsaya a kansa kana jira. Ya ce kuma ka tsaya a bakin ƙofa tun kafin su shigo kana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta aikin a allo tun kafin ƙararrawa, ka bar mutum ɗaya kawai ya fita banɗaki a lokaci guda da takardar izini, in ba haka ba rabin ajin zai ƙare a baranda. Maganar ni in fara gaida yaro ta min nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na gwada da rana. Na tsaya a ƙofa, na faɗa musu daga Najeriya nake, na ce duk wanda na karya sunansa ya gyara min zan maimaita har sai na iya. Wasu biyu sun yi musayar kujera da suna dan su gwada ni, na duba hoton da ke taswira na kira kowa da sunansa na gaskiya ba tare da na ɗaga murya ba, suka yi dariya suka koma. Da aka fito da waya na yi yadda dattijon ya ce, na taka uku ban waiwaya ba, na ji ƙarar zif ɗin jaka. Ban ce ajin ya zama na malaman islamiyya ba, amma an yi aikin, mutum ashirin da wani abu sun tura.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Mu can girman malami a ƙofa ake miƙa maka shi, al'ada ta riga ta biya maka, kuma ni har gobe ina ganin wannan dukiya ce da su nan suka rasa, dan malamansu na shan wahalar da bai kamata ba, shi ya sa ma da yawa ke barin aikin har ake neman irinmu ido rufe. Sai dai na tambayi kaina, cikin shirun da yarana tamanin suke min, nawa ne ladabi nawa ne tsoron dorina, kuma nawa ne suka kasa gane darasi suka ji tsoron ɗaga hannu. Yaran nan da ba sa gaisuwa, in ba su gane ba take za su ce maka ba su gane ba, ka sake. Akwai wani yaro a ajin ƙarshe mai lalurar da ba ya iya zama waje ɗaya, an haɗa shi da ma'aikaciya guda tana zaune gefensa tana bi da shi a hankali. Irinsa a wajenmu da tuni an ce dakiki ne ko mai taurin kai, ni kaina na san na zane irinsu, Allah ya yafe mana.

Abinci kuma tun 2023 gwamna Tim Walz ya sa hannu a dokar da ta sa karin kumallo da na rana suka zama kyauta ga ɗalibai, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka layi ɗaya. Daɗi dai bai kama ƙafar ɗanwake da awarar bakin get ɗinku ba, kuma dole ka tambaya ko da naman alade. Abin da ya ƙona min rai shi ne tuffa da madarar da ba a ko buɗe ba ana jefawa a shara tuli guda. Jihar nan akwai Somaliyawa sosai, dan nan ne suka fi yawa a duk Amurka, 'yan mata da hijabinsu ba mai ce musu kanzil, ɗaya ma da ta ga sunana a allo ta min sallama ta nuna min ɗakin da suke sallar azahar.

Kar ka ɗauka ba su da nasu tashin hankalin. A bayan fayil ɗin akwai shafi guda na abin da za ka yi in ɗan bindiga ya shigo, ka kulle ƙofa, ka kashe fitila, ka tara yara a lungun da ba a hango su ta gilashi, kowa ya yi shiru. Doka ce su yi atisayen wannan sau biyar a shekara. Ina karantawa ɗaliban da aka sace a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga suka faɗo min a rai, na ce ashe duk inda ka je uwa tana tura ɗanta makaranta da addu'a a baki.

Batun kuɗi, dan na san su Kawu za su tambaya. Wajen dala 200 ne a rana kafin a cire haraji, dan Allah kar a buga shi a naira a fara min lissafi. Ranar da ba ka shiga aji ba ba ko sisi, in ƙanƙara ta sa an rufe makaranta ba ko sisi, dogon hutu daga Yuni har farkon Satumba haka za ka nemi wani abin yi, hayar ɗan ɗakina kuma ta haura dala 1,000 duk wata, ga inshorar mota ga ta lafiya.

Kafin in mai da makulli na rubuta wa malamar shafi guda, abin da aka yi da wanda ba a yi ba, wanda ya taimaka, har da maganar wayar da tsawar da na yi ban rage komai ba. Bayan sati biyu ta sake neman hutu ta ce ni take so, dogon yaron nan ma da ya gan ni a ƙofa ya ɗaga min kai.

Abin da nake roƙonka Yaya, tunda yanzu kai ne mataimakin shugaba, ka gwada maganar fayil ɗin nan ko da a SS3 ne kawai. Ba ya buƙatar wuta ko kwamfuta, littafi ne mai shafi arba'in kowane malami ya rubuta aikin kwana biyu ya ajiye a ofis, da sunayen yaran da za a sa wa ido, sai a tsara wanda ba shi da darasi a lokacin ya shiga. Na san za a ce wa zai biya, ka fara da su Malam na lissafi masu son aikin, in ya kama sauran za su biyo. Zan ɗauko maka hoton shafin da ba sunan kowa in turo ka ga tsarin.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata ina shan maganin sanyin. In mai zuwan nan ya tashi a sa min yaji da kuka da daddawa, banda kilishi, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya wuce.