SSD na SATA ko NVMe: wanne ya dace da kwamfutarka?

Kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta gama kunnuwa, kana danna abu tana tunani, sau da yawa lafiyarta ƙalau. Abin da ke riƙe ta shi ne tsohon faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, wanda a laftof yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya, kuma da ƙyar yake karanta abin da ya wuce megabait 100 a daƙiƙa. SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba shi da komai mai motsi a cikinsa, ƙwayoyin ajiya ne irin na filas, kuma sauya HDD da shi ne gyaran da ya fi kowanne nuna kansa a tsohuwar kwamfuta. Sai dai idan ka shiga Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ka ce a ba ka SSD, za a jera maka iri-iri, kowanne da lambar gudunsa a jikin kwali. Shawarata ita ce ka kawar da ido daga lambar nan tukuna, ka fara da tambayar abin da kwamfutarka za ta karɓa.

SSD na SATA mai inci 2.5 girmansa ɗaya da HDD na laftof, bakinsa ɗaya, don haka yana shiga gurbin tsohon kai tsaye. Iyakar gudunsa wajen megabait 550 a daƙiƙa, domin nan ƙarfin SATA III, wato hanyar da ke haɗa shi da kwamfuta, ya tsaya. Duk mai tsohuwar laftof irin HP EliteBook 8470p ko Dell Latitude E6430 ko ThinkPad T430, wannan shi ne nasa, kuma kada ya ji an bar shi a baya. Samsung 870 EVO da Crucial MX500 su ne waɗanda suka yi suna a wannan aji.

Sai siririn nan da ake kira M.2. Lambar 2280 da ke jikinsa awo ce: faɗi milimita 22, tsawo milimita 80. Akwai gajeru, 2242 da 2230, da wasu ƙananan laftof ke amfani da su. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi, saboda M.2 siffa ce kawai. Akwai M.2 da ke aiki ta hanyar SATA, gudunsa bai wuce na mai inci 2.5 ba, akwai kuma wanda ke aiki ta NVMe, sabuwar hanyar da ta fi SATA gudu. Na SATA yawanci tsagi biyu ne a bakinsa, na NVMe yawanci tsagi ɗaya. Wasu kwamfutocin suna karɓar duka biyun, wasu ɗaya kaɗai. Abin takaicin shi ne wanda bai dace ba yakan shiga gurbin daram, ka ɗaure noti, ka kunna, kwamfuta ta ƙi ganinsa. Saboda haka ka juya laftof ɗinka, ka karanta cikakkiyar lambar samfurinta, ka nemi littafin gyaranta a shafin kamfanin. HP da Dell da Lenovo duk suna ajiye su kyauta. In kuwa MacBook ce ta shekarun baya-bayan nan, mai M1 zuwa sama, ajiyarta a manne take da babban allon na'urar, ba a sauyawa, sai dai ka sayi SSD na waje.

NVMe kansa hawa-hawa ne, gwargwadon zubin PCIe, wato layin da yake bi zuwa allon kwamfuta. Na PCIe 3.0 yana kai wajen megabait 3,500 a daƙiƙa, na 4.0 wajen 7,000, na 5.0 kuma yana ninka wannan. Samsung 990 Pro an rubuta masa 7,450, WD Black SN850X kuma 7,300. Lambobin gaskiya ne, amma na kwafar babban fayil guda ne a jere. Aikin yau da kullum, kunna Windows, buɗe Chrome da Word da Excel, ƙananan fayiloli ne birjik a warwatse, kuma a wannan aikin tazarar da ke tsakanin SATA da NVMe ba ta kai yadda kwali ke nunawa ba. Tsallen da za ka ji a jikinka shi ne daga HDD zuwa kowane SSD. Wanda zai ci moriyar PCIe 4.0 shi ne mai tace bidiyo, mai ɗaukar biki da kyamara yana kwashe gigabait ɗaruruwa, ko mai PlayStation 5, wadda sai na 4.0 take karɓa. Sannan in ka sa na 4.0 a gurbin 3.0 zai yi aiki, amma da gudun 3.0, ka biya kuɗin gudun da ba za ka taɓa gani ba. Na 5.0 kuwa zafi gare shi, sai da ƙarfen sanyaya mai kauri, kuma a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ban ga dalilin sa shi a kwamfutar ofis ba. SSD idan ya yi zafi da kansa yake rage gudu.

Maganar girma gajera ce. Mai 128GB ya yi kaɗan, Windows da sabunta kansa za su cinye rabinsa. Mai 256GB zai wadaci ɗalibi ko mai aikin takardu. A wurina 512GB ne tsaka-tsakin da ya dace da yawancin mutane, 1TB kuma ga mai hotuna da bidiyo. Kada ka firgita in ka ga na 500GB ya nuna 465 a Windows, ko na 1TB ya nuna 931. Bambancin lissafi ne. Ka riƙa bar masa sarari, domin idan ya cika maƙil yana yin nauyi.

Abin da ya fi gudu muhimmanci, kuma mai shago ba kasafai yake ambata ba, shi ne irin ƙwayoyin da ke ciki. Irin da ake kira TLC na ajiye bit uku, wato ɗigon bayani uku, a kowane gurbi, QLC kuma huɗu. QLC ya fi araha, amma ya fi saurin gajiya, kuma idan kwafa ta yi tsawo gudunsa yakan faɗi warwas. Kamfanoni suna rubuta ma'aunin da ake kira TBW, wato yawan terabait da za a iya rubutawa a kansa cikin garanti. Samsung 870 EVO na 1TB, mai TLC, yana da 600. Ɗan uwansa 870 QVO na 1TB, mai QLC, 360. Ko 360 ɗin mai aikin ofis zai yi shekaru bai kusance shi ba, amma in farashinsu ya yi kusa, ɗauki TLC. Akwai kuma batun DRAM, ƙaramar ƙwaƙwalwar da SSD ke riƙe taswirar inda ya ajiye komai. Masu araha irin Kingston A400 da Crucial BX500 ba su da ita. A NVMe rashinta da sauƙi, don yana aron kaɗan daga RAM na kwamfuta. Na SATA ba ya iya wannan aron, shi ya sa a can nake fifita mai DRAM in aljihu zai ɗauka.

Jabu shi ne babban abin tsoro. Kamfanonin da ke ƙera ƙwayoyin ajiyar nan da kansu kaɗan ne: Samsung, SK hynix, Kioxia, SanDisk, Micron da YMTC na China. Kowa daga wurinsu yake saye, don haka farashin terabait ɗaya ba ya faɗuwa ƙasa haka kawai. Duk wanda ya miƙo maka 2TB a kuɗin 256GB, akwai lauje cikin naɗi. Akwai waɗanda ake yi wa dabara su nuna girman da ba su da shi, kana zuba kaya suna share na baya ba ka sani ba. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta, ta fallasa ainihin girmansa. Idan na hannu ne da aka ciro daga kwamfutocin Beljiyam, ba laifi ba ne, akwai nagari a cikinsu, amma ka sa a buɗe CrystalDiskInfo a gabanka ka ga lafiyarsa, awannin da ya yi yana aiki da yawan abin da aka rubuta a kansa. Ka karɓi rasit mai lambar siriyal, ku yi magana a kan kwanakin dawowa da shi kafin ka ba da kuɗi.

Wajen sakawa, ka fara kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja, cire batir, in na ciki ne ka zare wayarsa. Taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa SSD ɗin, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara lantarki. M.2 a karkace ake zura shi, sannan a kwantar da shi a ɗaure da ɗan notinsa, ba da ƙarfi ba. Notin nan yawanci ba ya zuwa a kwalin SSD, ka tambaya tun kana shago. In akwai ƙarfen sanyaya, ka ɓare ledar da ke kan abin nan mai taushi da ke manne da ƙarfen kafin ka rufe.

Daga nan ko dai ka kwafe tsohon faifai dungurungum da Clonezilla ko manhajar Samsung Magician, ko ka ɗora sabon Windows daga filas. Na fi son na biyun, don ba ya kwaso tarkacen shekaru. In za ka kwafa, ka tabbatar abin da ke kan tsohon bai fi girman sabon ba, batir kuma a cike yake ko akwai UPS, domin ɗauke wuta a tsakiyar aikin na nufin komawa farko. Idan a matsayin faifai na biyu ka sa shi bai bayyana ba, buɗe Disk Management a Windows ka zaɓi tsarin faifai na GPT ka yi masa fomat. Tsohon HDD kuma kada ka yar da shi, ka saya masa gidan USB ya zama wurin ajiye kwafin fayilolinka, domin SSD idan ya mutu sau da yawa ba ya ba da alama, kuma ciro bayanai daga cikinsa ya fi na HDD wuya da tsada.