Dungeon Master: na kwana 19 a rami, yunwa da tsutsa sun fi dodanni ba ni wahala

Tsohuwar laftof ɗina ba ta ɗaukar wasannin zamani, da ka kunna sai fankarta ta kama kuka kamar injin markaɗe. Shi ya sa na koma tonon tsofaffin wasanni, har na faɗa kan Dungeon Master, wanda kamfanin FTL Games na San Diego a Amurka ya fitar a 1987 don kwamfutar Atari ST. A zamaninsa ya yi kasuwa sosai, amma yau duk wanda na ambata wa sunansa cikin abokan wasana sai ya ce bai taɓa ji ba. Ni na buga na DOS ne (tsohon tsarin kwamfutar PC), wanda ya fito a 1992, ta manhajar DOSBox mai kunna wasannin DOS a kwamfutar zamani. Girmansa duka bai kai ɗan gajeren bidiyon da ake turo maka a WhatsApp ba.

Labarin ba shi da tsawo. Akwai kurkuku a ƙarƙashin dutse mai hawa 14, sauka ake yi ba hawa ba, ana neman wata sanda mai suna Firestaff don a gama da mugu Lord Chaos. Da ka shiga za ka tarar da madubai a jikin bango, an kulle jarumai 24 a ciki, kana da damar fitar da huɗu. Na ɗauki Halk saboda ƙirar ƙarfinsa, ashe ba shi da ko ɗigon ƙarfin tsafi, sai sara kawai. Na haɗa shi da Zed a gaba, na ajiye Tiggy da Chani a baya. Tiggy kuwa, iska mai ƙarfi ma tana iya kayar da ita, amma a tsafi babu na biyunta.

Tafiyar taku ɗaya ne, gida ɗaya, kamar dara. Juyawa ko dama ko hagu, babu tsaka-tsaki. Sai dai lokaci ba ya jiranka: kana tsaye kana tunani, abin da ke cikin duhu yana tahowa. Kuma idan ka yi garaje ka buga bango, mutanenka sai su yi ƙara, jininsu ya ragu. Daren farko na fi jin ciwo a hannun bango fiye da hannun gawarwakin nan masu naɗe da tsumma.

Abin da ya kama ni da gaske shi ne duhu. Sandar wutar da kake riƙewa tana cinyewa a hankali, allon yana dusashewa kaɗan-kaɗan har sai ka fara matso da fuskarka. Sau biyu ina tashi in goge gilashin laftof ɗin ina zaton ƙura ce. Maganin abin shi ne ka koyi tsafin haske, kuma tsafi a nan haɗa shi ake yi da hannu. Akwai alamomi, kowace da sunanta. Ka fara da ta ƙarfi, daga LO mafi rauni zuwa MON, sannan ka jera sauran. LO FUL haske ne. FUL IR dunƙulen wuta. ZO tana buɗe ƙofa. VI kuwa maganin rauni ce, amma sai da kwalbar da babu komai a hannun mai haɗawa, in ba haka ba ka yi asarar ƙarfinka a banza. Ana tsintar waɗannan a takardun da aka yasar a ƙasa, wasan ba ya ajiye maka su a wani jeri. Yanzu ko a barci aka tashe ni zan karanto su.

Kowane jarumi yana ƙwarewa ne a abin da yake yawan yi, cikin fannoni huɗu: faɗa, jifa da dambe irin na ninja, haɗa magani, da tsafi. Na taɓa ɓata kusan rabin awa Chani tana jifan bango da duwatsu tana tsincewa. Matata ta leƙo ta ce, "Wannan shi ne wasan?" Ban sami amsa ba.

Sai hawa na 4. Allah ya isa tsakanina da tsutsotsin nan masu launin shunayya. Bibbiyu suke zuwa, cizonsu da dafi, kuma suna da taurin rai. Sun kashe mini Zed sau uku. Idan mutum ya mutu ƙasusuwansa ne ke zubewa a ƙasa tare da kayansa, sai ka kwasa ka koma da su wani gurbi a bango inda ake tayar da shi, tafiya mai nisa da mutum uku da kayan mutum huɗu, ga nauyi yana rage musu sauri. A nan na koyi dabarar da ta fi kowace takobi: ka tsaya bayan ƙofar ƙarfe mai saukowa daga sama, ka bari tsutsar ta shigo daidai bakin ƙofa, ka danna maɓalli. Ƙofar ta yi ta dukanta tana komawa, kai kuma kana sara. Ba jarumta ba ce, na sani, amma dariyar da na yi a daren nan har ta tashi yaro. Bayan sun mutu kuma namansu ne abincinka, don ana jin yunwa da ƙishi a wasan. Akwai wasu halittu masu kama da lemar kwaɗi da ke ƙwalla ihu, su ma yankansu ake a ci. Ruwa kuwa sai ka cika salka duk inda ka ga famfo a bango, ba ka san yaushe za ka sake ganin wani ba.

Babu taswira. Wannan ne zai kori mutane da yawa, kuma ba zan ga laifinsu ba. Bangon duk iri ɗaya ne, dutse ruwan toka, lungu kamar lungu. Na sayi littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare da fensir, kowane taku gida ɗaya. Ƙanena Sani ya zama mai riƙe littafi, ina cewa "uku gaba, ƙofa a dama" yana zanawa, muka yi ta musu a wani wuri da wasan ke juya ka ba tare da ka sani ba, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya yi kuskure. Takarda biyu muka yaga.

A hawa na 6 akwai ɗakin kacici-kacici, inda ake rubuta tambaya a bango ka ajiye amsar a gurbi. Ɗaya tana neman abu na zinariya mai kai da wutsiya amma babu gangar jiki. Sani ne ya gane tsabar kuɗi ake nufi, don Turawa haka suke kiran fuskoki biyu na kwabo. Wanda Turancinsa bai yi ƙwari ba zai sha wuya a irin wannan wurin.

Aibinsa a fili yake. Komai sai da linzamin kwamfuta (mouse): ɗauko wannan, saka a wancan hannun, buɗe jaka, alhali ana cizonka. Maɓallan sirri a bango wasu ƙanana ne ƙwarai, ka wuce su sau goma. Ba ya ajiye maka inda ka tsaya da kansa, ranar da aka ɗauke wuta batirina ya mutu na yi asarar aikin awa biyu. Kiɗa kusan babu, sai ƙarar ƙofa da ihun abin da ba ka gani ba tukuna, kodayake ni wannan ya fi mini.

Wanda yake son irin wannan wasa amma ba ya son wahalar fensir, ya nemi Legend of Grimrock na 2012, wanda wasu 'yan Finland suka yi a kan wannan tsari, yana zana taswira da kansa. Eye of the Beholder na 1991 ma sawun Dungeon Master ya bi. Ni dai na ba shi 8 cikin 10, na cire biyun saboda linzami da maɓallan ɓoye. Yanzu ina hawa na 8, abinci ya kusa ƙarewa, Sani kuma ya koma makaranta da littafin taswirar a jakarsa.